Yarona Ya Sa Rigar Escobar, Wai Uban Talakawa Ne

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Na taso daga shago gab da magariba, sai na tarar da babban yarona, ɗan shekara 17, zaune a dakalin ƙofar gida da wata baƙar riga ta gwanjo. A ƙirjinta hoton wani mutum ne mai gashin baki yana murmushi, ga wani allo a gabansa mai lamba 128482. Na ce masa wane ne wannan? Ya ce, "Baba, Pablo ke nan, uban talakawa." Ya shiga rattaba mini labari kamar kawunsa ne: wai ya gina wa marasa galihu gidaje, wai gwamnati da Amurka suka haɗa masa kai, wai son iyalinsa ne ya kashe shi. Ni iyakar abin da na sani, Escobar dillalin hodar iblis ne a Kolombiya. Ban so in daka masa tsawa ba hujja, don yaran yanzu in ka ce cire, zai cire a gabanka ya mayar a bayan layi. Masu sani, don Allah ku warware mini.

Sadiq Mai Waya:
Wa alaikumus salam Kawu. Gaskiya yaronka bai yi ƙarya ba, sai dai a ce bai ƙarasa ba. An haifi Pablo a 1949 a garin Rionegro, babansa manomi, mamarsa malamar makaranta. Ba ɗan kowa ba ne. Da ya yi kuɗi, akwai wata unguwa a birnin Medelin da ake kira Moravia, wadda asalinta juji ce, mutane na kwana a kan bola suna tsince-tsince su ci. Shi ya gina musu gidaje ɗaruruwa ya kwashe su, har yau ana kiran sabuwar unguwar da ya gina da sunansa. Ya yi filayen ƙwallo ya sa musu fitilu. A 1983 mujallar Semana ta ƙasar ta kwatanta shi da Robin Hood, ɓarawon nan na tatsuniyar Turawan Ingila mai ƙwace wa masu kuɗi ya ba talaka. Ranar jana'izarsa dubban mutane suka fito suna kuka. Ina 'yan siyasar ƙasar suke lokacin da mutanen nan ke kwana a juji?

Anti Rabi:
Sadiq ƙanina, in mutum ya sace maka sa ya yanka, ya aiko maka da kayan ciki a leda, godiya za ka yi masa?

Sadiq Mai Waya:
Anti, ai ba san mutanen juji ya sata ba. Kuɗin daga hancin Amurkawa ya fito.

Malam Habu:
Bari in fara da rigar kanta, Abban Khalifa, don wannan hoton da kansa ya isa darasi. An ɗauke shi ne a 1976, lokacin da jami'an tsaro suka kama shi da hodar iblis da aka shigo da ita daga wajen Ekwado. Lambar nan ta gidan yari ce. Murmushin da kake gani na wanda ya san ba zai daɗe a ciki ba ne, kuma bai daɗe ba. Jami'ai biyu da suka kama shi, an harbe su daga baya. Shari'ar ta shiririce.

Shekaru suka ja, ya yi kuɗi, ya shiga siyasa, a 1982 ya samu kujerar madadin ɗan majalisar wakilai. Yana yawo a matsayin attajiri mai taimako. Sai a 1983 editan jaridar El Espectador, wani dattijo mai suna Guillermo Cano, ya tuna ya taɓa ganin fuskar nan. Aka shiga ma'ajiyar jaridar aka tono tsohon labarin kamun, aka sake bugawa. Nan asiri ya tonu, burinsa na siyasa ya rushe. Ranar 17 ga Disamba 1986 'yan ina-da-kisa a kan babur suka harbe Cano yana fitowa daga ofis. A Satumbar 1989 kuma aka tayar da bam a ginin jaridar.

Wato hoton da yaronka ya rataya a ƙirji, waɗanda suka jawo aka ɗauke shi an kashe su, wanda ya tuna wa duniya da labarin shi ma an kashe shi. Ka fara faɗa masa wannan.

Abban Khalifa:
Innalillahi. Malam, ni wallahi na ɗauka ma hoton fasfo ne.

Baba Sajan:
Ku ba ni wuri in yi magana, don ni abin ya taɓa ni ta wani gefe. Shekara 35 na yi ina sa kaki kafin in ajiye. Sadiq, ɗana, ka san wannan mutumin naka kuɗi ya sa a kan kowane ɗan sanda a Medelin? Duk yaron da ya kashe ɗan sanda ya zo ya karɓi ladansa. Ɗaruruwan 'yan sanda aka kashe a haka. Ba manyan hafsoshi nake nufi ba, ƙananan kurata irinmu, masu tsayuwa a mahaɗar titi suna ba da hannu, masu albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Su ba talakawa ba ne? Uwayensu a unguwannin masu kuɗi suke? Ɗan talaka ya harbe ɗan talaka, mai gida na zaune a gona yana kallon raƙuman dawa.

Na san yadda ake fita aiki da asuba mace ta raka ka ƙofa tana kallonka kamar ba za ka dawo ba. In na ga yaro da wannan riga, matan nan nake tunawa.

Sadiq Mai Waya:
Allah ya huci zuciyarka Baba. Ban ce bai yi kisa ba. Abin da nake cewa yaƙi ne aka yi, kuma gwamnati ce ta tura shi bango. Abin da ya nema ɗaya ne, kada a tasa ƙeyarsa zuwa Amurka. Taken ƙungiyarsu ma shi ne gara kabari a Kolombiya da kurkuku a Amurka. Ko kai ne za a ɗauke ka a kai ka wata ƙasa a rufe har abada, ai za ka yi tirjiya.

Anti Rabi:
Tirjiya? To bari in ƙirga maka tirjiyar. Afrilun 1984, ministan shari'a Rodrigo Lara Bonilla, an harbe shi a motarsa a Bogota. Agustan 1989, Luis Carlos Galan, wanda kowa ya sa ran shi zai zama shugaban ƙasa, an harbe shi a kan dandamalin kamfe a Soacha. Ranar 27 ga Nuwamba 1989 aka dasa bam a jirgin saman Avianca, mutum 107 da ke ciki ba wanda ya fita, saboda kawai ana zaton ɗan takara Cesar Gaviria zai hau, shi kuwa bai hau ba. Kwana tara bayan nan aka tayar da bas cike da nakiya a gaban hedikwatar hukumar tsaro ta DAS, mutane sama da 50 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata, wanda ake nema kuma ya fito da ransa. Fasinjojin jirgin nan su ne za su kai shi Amurka? Mai sayar da shayi a bakin titin DAS shi ya sa hannu a yarjejeniyar miƙa masu laifi ga Amurka?

A 1991 kaɗai an kashe mutum sama da 6,000 a Medelin. Gari ɗaya, shekara ɗaya. Ba duka shi ya kashe ba, amma shi ya koya wa yaran garin cewa bindiga da babur sana'a ce. Wanda ya tuƙa babur ɗin da aka harbi ministan nan, yaro ne ɗan shekara 18. Shekara ɗaya ya girmi Khalifa.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Ni ina tsakiya. Anti Rabi duk abin da kika faɗa haka yake, amma akwai inda Sadiq ya taɓo gaskiya ko da bai kama ta da kyau ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wa ke sayen hodar? Masu kuɗin Miyami da Niyok. Gawawwaki a Medelin, shagali a Amurka. Kuma an kashe Escobar a 1993, to kasuwar ta mutu? Dillalan birnin Kali suka gaje ta, bayansu 'yan Meziko. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2023 gonakin koka a Kolombiya sun kai hekta 253,000, abin da ba a taɓa gani ba ko a zamaninsa. Saboda haka in an mai da shi shaiɗan guda ɗaya tilo, an rufa wa mutane da yawa asiri.

Kuma kada mu ɗauka labarin nesa ne. A 2009 an tsinci ƙonannen jirgin Boeing a hamadar arewacin Mali, wanda aka yi ittifaƙin hodar ya sauke daga Kudancin Amurka. A nan Nijar, Janairun 2022, an kama sama da kilo 200 a hanyar Agadas cikin motar wani magajin gari. Ku a Najeriya, a Satumbar 2022 hukumar NDLEA ta kama tan 1.8 a Ikorodu. Hanyar Turai ta ƙofar gidanmu ta bi.

Baba Sajan:
Wannan gaskiya ne Ɗan Maraɗi. Amma yawan ɓarayi ba ya wanke ɓarawo ɗaya.

Ɗan Maraɗi:
Ban ce ya wanke ba Baba. Na ce kada a tsaya a kansa shi kaɗai.

Auwalu Ɗan Ƙwallo:
Ni dai dorinai nake jira a zo kansu 😂 Mutumin nan ya shigo da dorina huɗu gonarsa ta Hacienda Napoles, namiji ɗaya mata uku. Da ya mutu aka kwashe sauran dabbobi aka bar su don sun fi ƙarfin ɗauka. Yau sun haura 160 suna yawo a kogin Magdalena, gwamnati ta rasa yadda za ta yi da su. Ko dabbobinsa ma ba su san doka ba.

Anti Rabi:
Auwalu kai kullum sai ka kawo shirme ana maganar rai.

Auwalu Ɗan Ƙwallo:
To ga ta rai Anti. A Nuwambar 1989 an harbe wani alƙalin wasa, Alvaro Ortega, a Medelin bayan wasa, har aka soke gasar ƙwallon ƙasar ta wannan shekarar baki ɗaya, ba zakara. Wani babba cikin 'yan ina-da-kisan Escobar da kansa ya faɗa daga baya cewa daga wajensu umarnin ya fito. Sadiq na cewa ya gina filayen ƙwallo. Ya gina fili ya kashe alƙali, to wa zai busa?

Malam Habu:
Bari in koma kan kalmar da ta jawo mu nan, don ni adabi nake koyarwa kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Abin da yaron Abban Khalifa ke ji a ransa, ko bai san sunansa ba, shi ne abin da masana wasan kwaikwayo tun zamanin Girkawa suke kira jarumin da ya faɗi. Aristotal ya yi bayaninsa: mutum ne mai daraja, ba waliyyi ba kuma ba mugu ba, wanda wani kuskure ko rauni nasa ya kai shi ƙasa, har mai kallo ya ji tausayi da tsoro. Kuma galibi kafin ƙarshe idonsa yana buɗewa ya gane abin da ya jawo wa kansa.

To a gwada Escobar da wannan ma'auni. Ta wani gefe labarin ya zauna daram, shi ya sa masu fim ke sonsa. Ɗan manomi ya tashi daga satar mota da fasa-ƙwaurin sigari, har mujallar Forbes ta sa shi cikin attajiran duniya shekara bakwai a jere tun daga 1987. Abin da ya fi so kuma kuɗi ba su saya masa ba: manyan Bogota su karɓe shi a matsayin mutum. Suka kore shi daga majalisa. Ƙarshensa ya mutu a kan rufin gidan wani, ba ko takalmi a ƙafarsa, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 44. Tashi, girman kai, faɗuwa. Marubuci ba ya neman abin da ya fi haka.

Amma inda ma'aunin ya karye: kuskure guda ake nema, ba sana'a ba. Wanda ya mai da kisa tsarin kasuwanci, yana ce wa alƙali ya zaɓi azurfa ko dalma, wato cin hanci ko harsashi, wannan ba tuntuɓe ya yi ba, hanya ya shimfiɗa. Sannan ina ganewar? Har ya mutu yana ganin shi aka zalunta. In jarumin da ya faɗi ake nema a wannan labari, ni Lara Bonilla zan nuna. Yana da shekara 37, ya san za a kashe shi, har an shirya tura shi jakadanci waje don a tsirar da shi, ajali ya riga. Shi ma an yi ƙoƙarin shafa masa kashin kaji da wani cakin kuɗi da aka ce ya shiga kamfen ɗinsa daga hannun dillali, abin ya dame shi, ya ƙara zafafa yaƙin don ya wanke sunansa. Ga rauni, ga daraja, ga faɗuwa. Amma wa ya taɓa ganin rigarsa a gwanjo?

Sadiq Mai Waya:
Malam na ji wannan, kuma ta shige ni. Amma ka bar wani abu. Mutumin nan ya miƙa wuya fa. Ranar 19 ga Yuni 1991 ya kai kansa.

Malam Habu:
Ya kai kansa a ranar da majalisar rubuta tsarin mulki ta haramta miƙa ɗan ƙasa ga wata ƙasa. Sai da ya ga an biya masa buƙata. Kuma ina ya kai kan nasa? La Catedral, gidan yarin da aka gina a kan tudu a Envigado bisa sharuɗɗansa, yana da ta cewa a kan masu gadi. Da filin ƙwallo, da mashaya, da baƙi masu shiga da fita, har golan ƙasar Rene Higuita ya je ziyara. A ciki ya ci gaba da kasuwanci. A Yulin 1992 ya kira abokan harkarsa biyu, Galeano da Moncada, aka kashe su a cikin gidan yarin saboda rigimar kuɗi. Da gwamnati ta ce za ta sauya masa wuri, sai ya fice ta baya ya shiga daji. Wannan kake kira miƙa wuya?

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa. Ta fuskar addini maganar ba ta da wahala. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Kyauta da dukiyar haram ba ta zama sadaka. Kuma haƙƙin jini shi ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin bayi ranar alƙiyama. Amma ina so in ja hankalinmu kan abu guda. Matar da aka ɗauke ta daga juji aka ba ta ɗaki mai ƙofa da famfo, in ta yi kuka ranar da ya mutu, ni ba zan zage ta ba. Abin da idonta ya gani ta yi wa kuka. Laifin yana kan waɗanda suka bar ta a juji har sai da mai laifi ya zo ya ɗauke ta. Mu da muke nesa, muka ji duka ɓangarorin, mu ne ba mu da uzuri.

Sadiq Mai Waya:
To ai Ustaz maganata ke nan tun farko!

Anti Rabi:
A'a, ba ita ba ce. Ustaz ya yi wa matar uzuri, kai kuma mutumin kake yi wa.

Bari in ba ku labarin da ya sa nake zafi a kan wannan. A unguwar da na tashi akwai wani shugaban 'yan daba, ba zan kama suna ba, ya daɗe da mutuwa. Duk Sallah sai ya yanka sa ya raba wa zawarawa da tsofaffi. In mace na naƙuda da tsakar dare, yaransa ne ke nemo mota. Ɓarawon wata unguwa bai isa ya shigo mana ba. Kakata har addu'a take yi masa. Ran nan yayana, yana aji biyar na sakandare, ya dawo daga kallon ƙwallo ya bi ta lungunsu, wani yaronsa ya ce ya ba da agogo, ya ƙi. Suka sare shi a hannu da gariyo. Har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, da hagu yake rubutu. Babanmu ya shirya zai kai ƙara, sai ga dattawan unguwa sun cika mana zaure, wai a yi haƙuri, wai mutumin nan yana da rana. Waɗanda suka ci naman Sallah su ne suka zo roƙo. Washegari ya aiko da kuɗin magani a ambulan, da ƙafar sa guda. Ina tsaye a tsakar gida mahaifiyata ta ɗauki naman nan ta kai bakin kwata ta ajiye wa karnuka, ba ta ce uffan ba.

Tun ranar na gane amfanin naman. Ba don Allah ake rabawa ba, bakin mutane ake saya tun kafin ranar da za a buƙaci su yi shiru. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gidajen Medelin ma haka ne: unguwar da ka gina ba za ta nuna wa ɗan sanda inda kake ba, kuma daga irin waɗannan unguwanni ake ɗibar yaran da za su hau babur.

Baba Sajan:
Allah ya saka wa mahaifiyarki, 'yata. Mun ga irin wannan a 1986 da Lawrence Anini a birnin Benin. Yana fashin banki, wani lokaci ya watsa wa 'yan kasuwa kuɗi yana gudu, nan da nan aka fara cewa yana ɓacewa, harsashi ba ya cin sa. Har shugaban ƙasa Babangida ya tambayi sufeto janar ina Anini. Da aka kama shi a Disamba, sai ga shi ashe wani babban ɗan sanda, George Iyamu, ke ba su bayanai da makamai. Ka ga abin kunyar har gidanmu ya shigo, ban ɓoye ba. A Maris 1987 aka harbe Anini. Layar ɓata ba ta yi aiki ba ranar.

Malam Habu:
Kuma kada mu yi kamar Turawa ne suka koya mana son irin waɗannan labarai. Mu da muke da makaɗin ɓarayi sukutum, marigayi Gambu, ana sauraronsa a tasha da shagon aski ana dariya ana jinjina wa ƙwarewar ɓarawo, har shi da kansa ya zo ya ce ya tuba. Ɗan Adam yana son labarin wanda ya gagari hukuma, musamman in hukumar ba ta tsinana masa komai ba. Bambancin kawai, da kalangu ne, yanzu Netflix ne. Tun da aka fara nuna Narcos a 2015 rigunan nan suka cika duniya. Kamara tana bin sa har ɗakin kwana, ka gan shi yana wasa da 'yarsa, ka gan shi yana kuka. Fasinjojin jirgin kuwa daƙiƙa goma suke samu. Wanda ka kwana sa'a ashirin kana kallon fuskarsa, dole ka ji shi kamar ɗan'uwa.

Sadiq Mai Waya:
To na yarda ba jarumi ba ne. Amma ku ma ku yarda waɗanda suka kashe shi ba mala'iku ba ne. Ƙungiyar Los Pepes da ta riƙa farautarsa, su wane ne? 'Yan'uwan Castano da mutanen Kali, dillalai irinsa. Suna kashe lauyoyinsa da ma'aikatansa suna yar da gawa da takarda a wuya. Daga baya Carlos Castano ɗin nan ya jagoranci mayaƙan da suka yi ta yi wa ƙauyawa kisan kiyashi. Iyalinsa kuma fa? Bam ɗin da aka tayar a gidansu mai suna Monaco da ke Medelin a 1988 ya lalata wa ƙaramar 'yarsa ji a kunne. A Nuwambar 1993 suka gudu Jamus neman mafaka aka maido su daga filin jirgi. Saboda hankalinsa ya tashi a kansu ne ya daɗe a waya da ɗansa ranar 2 ga Disamba har aka gano inda yake. Wannan ko ba ku so abin tausayi ne.

Ɗan Maraɗi:
A nan ina bayanka Sadiq. Gaba da gabanta aka yi, ba gaskiya da ƙarya ba.

Anti Rabi:
Yarinyar abin tausayi ce, ban musa ba. Wa ya jawo mata? Kuma in son 'ya'ya ne, Diana Turbay ma 'yar wani ce kuma uwar wasu. 'Yar jarida ce, ya sa aka sace ta a 1990 don ya matsa wa gwamnati, ta mutu a Janairun 1991 lokacin da aka je ceto. Kowane azzalumi yana son nasa 'ya'yan, Sadiq. Kura ma tana lasar 'ya'yanta.

Sadiq Mai Waya:
Anti ke dai ba a cin ki a musu.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a ci gaba amma a sassauta. Na goge saƙonni biyu na wani da ya fara kawo sunayen mutanen da ke raye yana kwatantawa. Ba ma son abin da zai jawo wa zaure fitina.

Malam Habu:
Tun da an zo kan ɗan, shi ne ma ya fi dacewa Khalifa ya saurara. Ya canza suna zuwa Sebastian Marroquin, ya zauna a Ajantina, ya karanci zanen gine-gine. Ya rubuta wa 'ya'yan Galan da ɗan Lara Bonilla takarda yana neman gafarar abin da ubansa ya yi, suka haɗu ido da ido, an nuna a wani fim na gaskiya a 2009. Yana cewa yana son mahaifinsa a matsayin uba, kuma yana yawo yana gaya wa matasa kada su yi koyi da shi. Ya ba da labarin lokacin da suke ɓoye da tulin daloli a ɗaki amma ba abin da za su ci, don ba mai iya leƙa waje. Ko kan mutuwar ma yana da nasa ra'ayin, shi ya yi imani uban ne ya harbe kansa a kunne da ya ga an rutsa shi, hukuma kuma ta ce jami'anta ne.

Su mutanen Medelin kuma, a Fabrairun 2019 suka rushe ginin Monaco ɗin nan da nakiya saboda ya zama wurin da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa ɗaukar hoto, suka yi dandalin tunawa da waɗanda aka kashe a wurin. Ɗaya daga 'ya'yan Galan, Carlos Fernando, shi aka zaɓa magajin garin Bogota a 2023. Amma a can unguwar da ya gina, har yanzu akwai masu ajiye hotonsa a ɗaki. Duka biyun a ƙasa ɗaya.

Auwalu Ɗan Ƙwallo:
Da dorinai. Kada a manta da dorinai.

Abban Khalifa:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na kira shi na miƙa masa wayar, na ce karanta tun daga sama, ban ce masa komai ba. Ya daɗe yana karantawa. Wajen labarin Anti Rabi na ga ya tsaya ya koma baya. Da ya gama sai ya ce, "To Baba ai Sadiq ma ya faɗi gaskiya." Na ce ya faɗa, sauran fa? Ya yi shiru, can ya ce shi bai san da maganar jirgin ba, a bidiyoyin da suke turawa junansu ba a sa wannan.

Ban ce ya cire ba. Yau da safe dai na ga ya fita da wata rigar. Na tambayi mamansa ina baƙar, ta ce ya ba ƙaninsa Abba, wai ta matse shi. Abba shekararsa 13.

Anti Rabi:
To sai ka sake miƙa wayar.

Abban Khalifa:
Abba ba ya karanta abin da ya wuce layi uku, Hajiya. Malam Habu, ko za ka yi mana shi da murya?